Baƙon Gidajen da Aka Kulle

Ait Wiyan,
Oktoba, 1993

Zuwa ga taubashina Bihi, wanda na ji an ce yanzu Si Ibrahim ake kiransa, irin kiran da ake yi wa manya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Na'ima da yara, musamman tagwayen nan da har yau ba mu sa su a ido ba. Mu nan sai godiya. Maigidana Hammu yana can Tiznit wajen aikin hanya. Ya aiko da sukari da ganyen shayi, da haka na san yana raye. Tsohuwa Lalla Yamna ƙafar ce dai ta matsa mata, amma bakin nan nata ko gezau. Na leƙa gidanku ta kan katanga, rufin ɗakin baya ya fara zama, gara ka sani tun kafin ruwa ya sauko.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na yagi takarda daga littafin 'yata Zaina ba. An turo mana sabon malamin makaranta, Si Nuruddin, mutumin Sale. Yaro ne mai natsuwa, kuma ya iya aikinsa. Cikin sati uku Zaina ta gane rabawa mai tsawo, abin da ta shekara biyu tana kuka a kansa. Sai dai na san irinsu, Bihi. Na ga zuwan da yawa, na ga tafiyarsu. Suna zuwa da kaka, sanyi na shigowa sai su ce uwarsu ba lafiya, shi ke nan sai wata shekara. Wannan ma an sauke shi a ɗakin ajiyar nan na gefen aji, mai ƙofar kwano. Ba ya jin yarenmu, ba mai shiga wurinsa, kifin gwangwani yake ci safe da yamma. Har ya fara tambayar Addi direba ko hanya tana yankewa in an yi ruwa.

Zaina tana aji shida, a watan Yuni za su zauna jarrabawar shiga sakandare. In malamin nan ya tafi, ba mai shirya su, ba ma mai kai sunayensu. Tun da aka gina ajin nan ba yaron da ya taɓa zuwa ƙarshe a garin nan.

Ka tuna ajinmu? Ni ce ta ɗaya, kai kana can baya kana lasar tawada. Muna aji huɗu malaminmu ya tafi hutu bai dawo ba. Kai kawunka ya ɗauke ka zuwa kantinsa a Kasablanka ya sa ka makarantar birni, ni aka miƙo mini dutsen fasa ƙwallon argan, wanda muke matse mai da shi. Yau kai injiniya ne a tashar jiragen ruwa, an ce abin da kake ɗauka a wata Hammu sai ya shekara yana fasa dutse bai gan shi ba. Wallahi ba hassada nake yi ba, alfahari nake da kai. Duk wanda ya kawo zancenka sai in ce, ai ni nake yi masa lissafi.

To yanzu ka biya ni. Kai ka san manya a ofisoshi. Ka yi musu magana su hana malamin nan motsi har Yuni.

Taubashiyarka,
Ijja

*

Kasablanka,
Nuwamba, 1993

Lalla Ijja, shugabar aji,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mun yi murna ƙwarai. Duk muna lafiya, tagwaye suna haƙori, ba mai runtsawa a gidan nan. Ki gaida Hammu in ya zo, ki gaida Lalla Yamna. Maganar tawada kuwa ƙarya ce, sau ɗaya na lasa, shi ma ke kika ce zuma ce.

Ijja, ba zan yaudare ki ba. Ni sanin da na yi na ƙarfe da siminti ne, ban san kowa a ofishin ilimi ba. Ko da na sani, takarda ba ta ɗaure mutumin da zuciyarsa ta riga ta hau mota. Makarantar garinmu ta daɗe da mutuwa, jana'iza ce kawai ba a yi mata ba.

Na yi ta tunanin abin da kika rubuta. Ki duba 'yan ajinmu. Waɗanda suka zauna, wani yaron kanti ne har da furfura, wani yana fasa dutse, wani yana bin awaki. A ofishinmu kuwa, in kika tambayi mutum inda ya yi firamare, makarantu uku ko huɗu za ki yi ta ji, duk a unguwannin masu hali. Ba ƙwaƙwalwa ce ta raba ni da ke ba, ni na fi kowa sani. Ni na samu aji mai malami daga farkon shekara har ƙarshenta, ke ba ki samu ba.

Don haka ga shawarata, kuma mun yi ta da Na'ima. Ki turo mana Zaina. Makarantar da 'yata Salwa take zuwa tana bayan gidanmu, akwai ɗakin karatu, ba a taɓa wayar gari babu malami ba. Za ta kwana ɗaki ɗaya da Salwa, ta ci abin da muka ci. In ta dawo daga makaranta sai ta ɗan kama wa Na'ima hidimar tagwaye, don hannu ya yi mata kaɗan. Addi zai iya kawo ta Tiznit, ni in tare ta a can.

Ki yi sauri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Naki,
Bihi

*

Ait Wiyan,
Disamba, 1993

Si Ibrahim,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau uku, na uku a tsaye. Ashe dai! “Ta ɗan kama wa Na'ima hidimar tagwaye.” Da ka fara da wannan layin, da ka huta da dogon wa'azi. Ni na roƙe ka malami, kai kana neman 'yar aiki.

Ka manta da 'yar Mbarka? Da irin wannan zaƙin bakin aka tafi da ita Agadir. Ita ma gidan dangi, ita ma makaranta tana bayan gida. Shekara shida ta dawo, hannuwanta duk sun tsage da wanki, sunanta ma ba ta iya rubutawa. Har yau in ta ga yara da jakar makaranta sai ta juya baya.

Mu talakawa ne, ban musa ba. Burodin sha'ir muke ci, wani lokaci da mai, wani lokaci da bismilla kawai. Amma ban haifi Zaina don ta goge wa 'ya'yan injiniya majina ba. Kuma makarantar da kake cewa ta mutu, jiya na bi ta gefenta na ji yara suna karatu da ƙarfi har awaki suna waiwaye. Gawa ba ta yin haka.

Ka riƙe ɗakin karatunka. Rufin gidan ubanka ya rufta, in abin ya dame ka.

Ijja, matar Hammu

*

Ait Wiyan,
Ƙarshen Janairu, 1994

Bihi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Na'ima, da gaske nake. Yaya haƙoran tagwaye? Duk Laraba sai na tare Addi in ya dawo daga kasuwar Tafraut, ya girgiza kai tun daga nesa. Ko wasiƙarka ta ɓata, ko fushi kake. In fushi ne, ka ajiye shi gefe ka karanta wannan, daga baya ka ɗauka ka ci gaba.

Si Nuruddin ya dawo daga hutu, abin da ko ni ban yi zato ba. Amma sanyin bana ya kayar da shi. Kwana biyu ba a buɗe aji ba, Zaina ta zo ta ce, “Inna, malam yana tari kamar zai amayar da huhu.” Na dafa kunun sha'ir, na ja Lalla Yamna muka je. Bihi, da ka ga ɗakin nan da ka yi kuka. Tabarma ɗaya, bargo ɗaya, iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa yadda ta ga dama. Ya karɓi kwanon da hannu biyu yana rawar ɗari, ya ce tun da ya zo garin nan wannan ne abinci mai zafi na farko da wani ya miƙa masa. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Mu da ake cewa baƙo ba ya kwana da yunwa a Ait Wiyan!

Ranar Juma'a da dattawan jama'a suka zauna bayan salla, na je na tsaya a bayan katangar masallaci na ɗaga murya, tunda Hammu ba ya nan. Na ce a sa malamin makaranta cikin tawala, yadda kowane murhu yake da ranarsa ta ciyar da limaminmu Si Tayyib. Hajji Embarek ya ce, “Wace ce wannan? Ijja? 'Yata, tawala ta masallaci ce tun kakanni. Wancan baƙon gwamnati ne, gwamnati ta ciyar da shi. Ba albashi yake ɗauka ba?”

Na ce, “Hajji, albashi ba ya hura wuta.”

Ya ce, “Ba murhun da za a ɗora wa rana biyu a wannan shekara ta fari. Kuma boko me ya tsinana wa garin nan?”

Na ce, “Wa ya gina muku hasumiya? Ba kuɗin Bihi ba ne?” Sai aka yi ta gyaran murya, aka ce mace ta koma gida.

Na dawo ina huci, Lalla Yamna tana ta dariya. Ta ce, “Ke dai ba ki da wayo, sai baki. Ya ce ba za a ɗora wa murhu ba. Ya ce murhu ba zai ɗauka da kansa ba? Mai gida ya yi baƙo, wa zai hana shi ciyar da shi? Ki dubi gidajen da aka kulle.”

Ka gane? Kusan rabin garin nan a kulle yake, masu shi suna can suna sayar da sukari a birni. Amma murhunsu bai fita daga lissafin jama'a ba. In ka ce Si Nuruddin baƙon gidan ubanka ne ranar kaza, ba mai cewa uffan. Sai dai ka san ƙa'ida, abinci ba ya zama na gida sai an dafa shi a murhun gidan, hayaƙi ya fita kowa ya gani. Ni zan dafa. Mabuɗi nake so, da izininka a rubuce, da na duk wanda za ka iya shawo kansa.

Ban janye maganata kan Zaina ba. Amma rufin nan ban ji daɗin yadda na faɗa maka ba. Na sa an rufe wurin da kara da ƙasa.

Ijja

*

Kasablanka,
Fabrairu, 1994

Ijja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙora sun fito, Allah ya sa malam ya samu sauƙi.

Wasiƙata ba ta ɓata ba, ban rubuta ba ne. Kin ƙona mini rai, Ijja, ban taɓa jin zafin magana irin taki ba. Na'ima ce ta fara cewa a kawo Zaina, har ta sayi katifa. Da na karanta mata amsarki sai da ta yi kuka. Salwa ma tana goyon tagwaye in ta dawo daga makaranta, ita ma 'yar aiki ce? Ni na sa layin nan ne don kada ki ji kamar sadaka ake yi miki, don na san girman kanki ya fi dutsen bayan gari. Ashe wuƙa na miƙa miki. Amma na tuna 'yar Mbarka, na kuma san gidaje a kan titinmu da ke da irinta. Ban ce tsoronki banza ba ne. Na dai so a ce kin san ni fiye da haka. To ya wuce, bakinki ne, tun muna yara haka yake.

Yanzu ga labari. Dabarar Lalla Yamna ta sa na yi dariya ni kaɗai a ofis har aka leƙo. Asabar da Lahadi na bi kantunan mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, na sha shayi har cikina yana ƙugi. Wasu tun kafin in rufe baki suka jawo mabuɗi. Wasu sai da aka kai ruwa rana. Kin san Lahsen ɗan Bakrim, mai rowar nan? Ya ce, “Ni a aji biyu na tsaya, ga ni da kanti biyu. Me malami zai ƙara mini?”

Na ce, “Wa yake cika maka takardun haraji?”

Ya ce, “Wani ɗan boko daga birnin Fas.”

“Kyauta?”

Ya ce, “Kyauta? Ɗan banzan nan ya fi ni cin ribar kantin!”

Na ce, “To da ɗan ƙanenka da ke makarantar garinmu ne yake cika maka fa?” Sai ya shiga ciki ya fito da mabuɗi ɗaure da tsumma, ya ce a gaya miki kada a taɓa masa tulun zuma.

Addi zai kawo miki jaka. A ciki akwai mabuɗan gida tara, da takarda mai sa hannun kowa zuwa ga jama'a, da abin cefane. Akwai bargo biyu da maganin tari. Na haɗa da alli da taswira da littattafan tsofaffin jarrabawa irin waɗanda ake ba su Salwa, don in yaranmu za su yi kokawa da 'yan birni, gara su san irin kamun da ake yi. A kira kafinta ya sa wa ɗakin malam ƙofar katako, a rubuta a kaina.

Ranar farko ta gidan babana ce, kada ki ba kowa. Ki yi masa tajin na naman akuya a tukunyar ƙasa, ki sa masa amlu na niƙaƙƙen almon da man argan ya dangwala burodi da safe, kada ki tsuke hannu da zuma.

Har yau ina ganin makarantar birni ta fi. Amma na fi so a ce ni ne ban yi daidai ba.

Ɗan lasar tawada,
Bihi

*

Ait Wiyan,
Maris, 1994

Taubashina Bihi,

Assalamu alaikum, gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka ce wa Na'ima ta yafe mini, bakina ya riga hankalina. Ga kwalbar man argan nan na ba Addi, nata ne, ba naka ba. Mu lafiya, itatuwan almon sun yi fure sun zubar, Hammu ya zo ya yi sati ya koma.

Kai, da kana nan ranar da na buɗe gidanku! Na share murhu, na hura wuta, hayaƙi ya tashi daga gidan da ya shekara goma sha bai yi ba. Mata suka fito kan soraye suna tambaya ko Bihi ne ya dawo. Na ce a'a, baƙo ya yi. Washegari hayaƙi a gidan Lahsen, jibi a na gaba. Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka: gidajen da ba kowa suna ciyar da baƙo, masu mutane suna kallo. Wa zai iya da wannan gori? Matar Hajji Embarek da kanta ta tare ni a bakin rijiya ta ce, “Ke Ijja, mu mutuwa muka yi da za a tsallake mu?” Ranar Juma'a Hajji ya miƙe ya ce dama shi tun farko ra'ayinsa ke nan. Na cije mayafina don kada dariya ta fito.

Yanzu rigima ake kan wa zai fi. Wannan ta yi kuskus da kaza, waccan ta yanka zomo. Si Nuruddin ya yi kumatu, ya fara gaisuwa da yarenmu, yara suna kwaikwayonsa yana biye musu. Da la'asar yana tara 'yan aji shida su bakwai a gidan da yake da rana, su yi ta fama da littattafan da ka aiko. Iyayen da ba su taɓa taka makaranta ba suna zaune a gefe suna jin abin da 'ya'yansu suka sani. Har Si Tayyib ya rage musu karatun asuba saboda jarrabawa.

To amma ga abin da ya hana ni barci. Ashe tun watan Oktoba, lokacin kifin gwangwani, ya rubuta takardar neman a mayar da shi kusa da gida. Larabar da ta wuce amsa ta zo. An ba shi wata makaranta kusa da Sale, an ce yana iya tafiya ƙarshen watan nan, wai za a turo mana wani in an samu. Ka san ma'anar “in an samu”.

Kuma ashe yana da mata, da jaririyar da sau ɗaya ya taɓa ɗauka. Ya nuna mini hotonta. Na buɗe baki zan roƙe shi, na kasa. Da wane ido zan ce wa mutum ya bar 'yarsa saboda tawa? Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ce zai tafi ba, bai ce zai zauna ba. Zaina ta daina cin abinci. Ni kuwa tsoro nake ji, Bihi, irin wanda ban ji ba tun muna aji huɗu.

Ijja

*

Kasablanka,
Afrilu, 1994

Ijja,

Salam, muna lafiya. Wasiƙarki sai jiya ta iso, ita da kwalbar, an ce ruwa ya cinye hanya motar Addi ta yi sati uku ba ta fita ba. Watan da kika ce ya riga ya ƙare, ni ban san ko malamin da nake magana a kansa yana nan ko ya tafi ba.

In yana nan, ki buɗe masa gidan babana gaba ɗaya, ba murhu kaɗai ba. Ya kawo matarsa da 'yarsa su zauna har Yuni. Sale ba nisa daga nan, ni da Na'ima za mu je mu ga iyayenta, mu kawo su da motata in sun yarda.

In kuma ya tafi, katifar nan tana nan. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kada ki cinye ni.

Ki amsa da wuri, don Allah.

Bihi

*

Ait Wiyan,
Yuli, 1994

Zuwa ga Bihi ɗan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida kai da Na'ima da Salwa da tagwaye. Kowa a nan lafiya, an gama girbin sha'ir, bai yi yawa ba amma an gode Allah. Lalla Yamna ta ce in gaya maka tun ranar da ka sauke iyalin malam ka juya a gurguje ba ta yafe maka ba, ko shayinta ba ka tsaya sha ba.

Da yake ranar nan ba mu samu zama ba, ban ba ka labarin yadda ya zauna ba. Wasiƙarka ta zo ta tarar an gama. Juma'ar ƙarshen Maris ya je gaban jama'a da kansa. Hajji Embarek ya ce, “Malam, mun ji an sallame ka. Ba mu da bakin hana ka.” Shi kuwa ya ce, da yarenmu, yana tuntuɓe a kan kowace kalma, “Akwai gidajen da ban ci nasu ba tukuna. In na tafi za su ce na raina tukunyarsu.” Aka fashe da dariya, amma na ga Hajji yana goge ido da gefen rawani. Daga baya malam ya ce mini ya rubuta wa ofishin ilimi su jira shi zuwa ƙarshen shekarar karatu, in sun ba wani wurin, to Allah ya sa haka ya fi alheri. Ba su ba wani ba, alhamdu lillahi.

Ranar jarrabawa Addi ya wanke motarsa, abin da bai yi ba ko ranar aurensa. Yara bakwai a baya, malam a gaba, gari duka a bakin hanya. Kowace uwa ta cusa wa ɗanta dafaffen ƙwai da dabino kamar masu tafiya Makka.

Bihi, biyar sun ci. Biyar cikin bakwai! Makarantar Tafraut mai benaye da wutar lantarki ba ta fi mu da komai ba in aka bi kai da kai. Malam ya karanta sunayen a ƙofar masallaci, da ya zo kan Zaina ya ce ita ce ta uku a duk yankin. Ban san lokacin da guɗa ta ƙwace mini ba, a gaban dattawa, a gaban liman, ba wanda ya ce mace ta koma gida. Hammu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Biyun da suka faɗi na kai wa iyayensu sukari, za su sake baɗi.

Si Nuruddin ya tafi shekaranjiya da iyalinsa. Ba mu riƙe shi ba, ya cika alkawarin da bai ma ɗauka ba. Motar Addi da ƙyar ta tashi saboda tulunan mai da zuma. An ce za a turo sabo da kaka. Jama'a ta zauna ta sa malamin makaranta cikin tawala har abada, ko wane ne, kuma yanzu Hajji yana son a rubuta wa gwamnati a ƙara mana aji da malami na biyu. Yana ta faɗa a kasuwa cewa shi ya gyara makaranta. Na bar masa, ya ci ladan.

Zaina ta samu gurbi a gidan kwanan ɗalibai mata na Tafraut. Ka gaya wa Na'ima ta ajiye katifar, da hutu zan turo ta, ta ga teku, ta goya tagwaye har bayanta ya gaji. Ka ce in faɗi abin da za ka saya mata. Takalma, lamba talatin da shida, irin na 'yan birni, kada a kalli ƙafarta kafin a ji bakinta.

Kada ka aiko mota ranar tafiyarta makarantar Tafraut. Ni zan kai ta da kaina, in riƙe mata jaka har cikin aji, in ga kujerar da za ta zauna, in gaisa da malamanta ɗaya bayan ɗaya. In sun tambaye ni ko wace ce ni, zan ce musu Ijja ce daga Ait Wiyan, na tsaya a aji huɗu, ga 'yata na kawo ta ci gaba.

Taubashiyarka,
Ijja, uwar Zaina